An karɓe makirfo a hannuna don na kawo hujjojin bangaskiya

Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya da iyali da aikin Ubangiji. Ina sauraron shirinka kowace Lahadi da yamma, shi ya sa na kawo kukana wurinka. Don Allah a sakaya sunana.

Ranar Laraba da ta wuce wani dattijon ikilisiyarmu ya karɓe makirfo a hannuna ina tsakiyar magana, a gaban yara da 'yammata, ya ce in je in zauna. Tun ranar abinci ba ya yi mini daɗi. Ban zagi kowa ba, ban koyar da abin da ba ya cikin Littafi ba.

Bari in koma baya. Ni haifaffen Zariya ne, gyaran waya nake yi. Kakanmu a Wusasa ya karɓi bishara, tun zamanin Likita Miller, Baturen mishan, kuma har yau tsohon Littafi Mai Tsarki nasa, fassarar Hausa ta 1932, yana akwatin Mama, duk bangonsa ya zaizaye. Na faɗi wannan ne don ka san ba jiya muka shigo ba. Mahaifina ne ma ya koya wa wannan dattijo waƙa a ƙungiyar mawaƙa.

Ƙanina ne sanadi. Ya dawo hutu daga jami'a ya daina zuwa sujada. Muna cin tuwo da dare Mama ta ce ya yi mana addu'a, sai ya ce wa zai roƙa, Yesu ma ba a taɓa yin sa ba, tatsuniya ce Turawa suka kawo don su mallake mu. A bidiyoyin YouTube ya kwaso. Mama ta ajiye lomarta ta shige ɗaki. Ni kuwa, sakataren zumuntar matasa guda, abin da na iya cewa kawai shi ne ya ji tsoron Allah. Ya yi mini dariya.

Daga nan na duƙufa karatu, ina rubutawa a littafin da nake lissafin shago. Baba, ashe akwai abin faɗa! Tasitus, marubucin tarihin Romawa, wanda ba Kirista ba ne, bai ma ƙaunaci Kirista ba, ya rubuta cewa Buntus Bilatus ya kashe Almasihu a zamanin Kaisar Tibariyas. A 1961 aka tono dutse a Kaisariya ɗauke da sunan Bilatus ɗin. A 1947 makiyaya suka gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, a ciki har da littafin annabi Ishaya, wanda aka kwafa fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu, sura 53, wadda muka gaskata annabci ce kan shan wahalar Almasihu, tana nan a ciki. Ga Bulus a 1 Korantiyawa 15 yana cewa fiye da mutum 500 sun ga Ubangiji bayan ya tashi, yawancinsu kuma suna da rai lokacin da yake rubutu. Mai ƙarya ba ya nuna maka inda shaidu suke.

Ƙanina bai dawo sujada ba tukuna, amma ya daina cewa tatsuniya ce, har ya karɓi littafin ya kwana da shi. Ni kuma bakina ya buɗe. Da, in an tambaye ni a shago me ya sa na gaskata, sai in sunkuyar da kai kan wayar da nake kwancewa. Yanzu ina amsawa. Maƙwabtana a kasuwa Musulmi ne, tare muke shan shayi, ba wanda na taɓa wa addini, sai an tambaye ni nake magana.

To, abin da na kai wa matasa ke nan. Shi kuwa dattijo ya ce ina mayar da bangaskiya ilimin boko, ya jawo maganar Toma, cewa masu albarka ne waɗanda ba su gani ba suka gaskata. Ya ce ina zuga yara su je su jawo mana rikici a gari. Na san garinmu, na san abin da mutane suka gani a baya, ba yaro ba ne ni. Amma Yesu ai bai kori Toma ba, hannuwansa ya nuna masa. Bitrus kuma ya ce mu zauna a shirye mu ba da dalilin begenmu da tawali'u. Manzanni da aka yi musu kashedi, gabagaɗi suka roƙa. Mutumin nan bai taɓa fita bishara ko ƙauye ɗaya ba, sai zaman kujerar gaba da ƙirga baiko. 'Ya'yansa maza biyu suna jami'a. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa.

Na manta ban faɗa maka ba, 'yarsa nake nema. An riga an kai kuɗin gaisuwa. Jiya ta turo saƙo cewa Babanta ya ce sai na tsaya a gaban ikilisiya na ba da haƙuri, na kuma daina wannan koyarwa, in ba haka ba a mayar mana da kuɗinmu. Ita da take zaune a layin gaba tana rubuta abin da nake faɗa, yanzu ita ce take roƙona in yi shiru.

Baba, laifi ne mai bi ya nemi hujja? In na ba da haƙuri, me zan ce wa ƙanina, wanda ya fara saurare? Mama ta ce in bi a hankali. Fastonmu yana wurin ranar, bai ce uffan ba. Wa zan tura wa mutumin nan ya sa baki kafin Lahadi, kawuna ko fasto? Ko in haƙura da yarinyar in koma wata ikilisiya?

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Zariya.