Ina So In Zaga Duniya A Cikin Littattafai, Amma Na Maƙale A Andora

Assalamu alaikum Anti,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da iyali da abokan aiki. Na daɗe ina bibiyar shafinki, na kuma san yawancin wasiƙun da ke zuwa miki na aure ne da rikicin gida da neman aiki. Tawa damuwar ba ta kama ƙafar waɗannan ba, har sai da na ɗan ji kunyar rubutowa. Amma da na ga abin ya fara shiga tsakanin mutum biyu da nake ji da su, ni kuma ina tsakiya, sai na ce bari in kai ƙara wurin wadda ba ta da ɓangare.

Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana uku, ina kuma aikin ofis. Tun ina yarinya ni mai karance-karance ce. Wata rana da daddare autana yana aikin makaranta, sai ya ɗora yatsa a kan taswira ya ce, "Umma, mutanen Mongoliya me suke yi idan gari ya waye?" Na ce masa ƙasar tana tsakanin Rasha da Sin, kuma ba ta da teku. Ya ce shi ba wannan ya tambaya ba. Gaskiyarsa kuwa. Da ya yi barci na tashi na ƙirga littattafan labari da ke kan kantata, na ware su bisa ƙasar da labarin ya faru. Duk tarin nan da nake taƙama da shi bai wuce ƙasashe tara ba, rabin littattafan ma na Ingila ne da Amurka. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Ni ba ni da halin zaga duniya da ƙafata, sai na ƙudura in zaga ta da ido: littafi ɗaya a kan kowace ƙasa, har in gama.

Da na faɗa wa yayana da aminiyata, duk suka ce da su za a yi. Na yi murna ƙwarai, ban san ɗaukar Dala ba gammo na yi ba.

Tun a ƙidaya muka fara cin karo. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da mambobi 193. Idan aka ƙara Falasɗinu da Batikan, waɗanda ke zaman 'yan kallo a majalisar, sun zama 195. Aminiyata ta ce ina Taiwan, ina Kosovo? Wata marubuciya 'yar Ingila, Ann Morgan, ta yi irin wannan tafiya a 2012, ta karanta littattafan ƙasashe 196 a cikin shekara ɗaya. Yayana ya ji wannan ya ce ai abin ba wuya ke nan. Ni kuwa da na yi lissafin kaina sai jikina ya yi sanyi. Idan littafi ɗaya zan riƙa gamawa a mako, sai na yi shekara uku da wata tara. Idan biyu ne a wata, shekara takwas da 'yan kai. Gaskiyar da na sani game da kaina kuwa ita ce, tsakanin aiki da yara, ɗaya nake iya gamawa a wata, wato shekara 16 da wata uku. Autan da ya jawo maganar sai ya yi gemu kafin in kai Zimbabuwe.

Wannan duk mai sauƙi ne, Anti. Inda gizo ke saƙa shi ne a kan wane littafi ne za a ce na ƙasa kaza ne.

Yayana ya ce muddin labarin a ƙasar ya faru, an gama magana, ko wane ne ya rubuta. Ya sayi babbar taswira ya manna a bango, duk ƙasar da ya gama sai ya shafe ta da jan biro. Na lura kuma da gangan yake zaɓen sirara, masu shafi 90 ko 100, wani lokacin ma littafin matafiyi da ya yi mako biyu a otel ya koma gida ya rubuta abin da ya hango ta tagar mota. A wata huɗu ya shafe ƙasashe 19. Ita kuwa aminiyata ta ce wannan ba karatu ba ne, fenti ne. A wurinta sai ɗan ƙasa ne ya rubuta, da harshen ƙasar, sannan a fassara. Ta ce baƙo ko idonsa ya kai faranti girma ba ya ganin gari.

Zuciyata ta fi karkata wajenta, don na tambayi kaina: da wani zai karanta abin da baƙo ya rubuta a kan ƙasata bayan ziyarar mako biyu, ya shafe mu da jan biro ya ce ya san mu, zan ji daɗi? Ba zan ji ba. Amma da na zo aiki da dokarta sai ta riƙa tsinkewa a hannuna. Ɗauki Abdulrazak Gurnah, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2021. A Zanzibar aka haife shi, tun yana saurayi ya koma Ingila da zama, da Turanci yake rubutu ba da Suwahili ba, amma gaɓar gabashin Afirka ba ta fita daga labaransa. To a wane gurbi zan sa shi, Tanzaniya ko Birtaniya? Aminiyata ta ce Tanzaniya ba tare da ta yi tunani ba. Na ce ai kin karya dokarki ta harshe. Ta ce wannan daban ne. Na ce me ya sa ya zama daban? Daga nan ta canza magana.

Ga kuma ƙasashen da suka sauya a ƙarƙashin ƙafar marubutansu. Tarayyar Sobiyet ta wargaje a 1991 ta zama ƙasashe 15. Labarin da ya faru a Tashkent a 1970, na Uzbekistan ne ko na ƙasar da babu ita yanzu? Sudan ta Kudu sai a 2011 ta samu 'yanci. Labarin da aka kafa a Juba kafin wannan shekarar, gurbin Sudan zai cike ko na maƙwabciyarta? Yayana ya ce a ƙirga shi sau biyu, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Aminiyata ta yi tsaki, kuma tun ranar gaisuwarsu ta koma ta sama-sama.

Sai batun adalci tsakanin manya da ƙanana. Indiya tana da mutane sama da biliyan ɗaya da miliyan 400, kundin tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, amma gurbi ɗaya ne nata a jerina, daidai da Tuvalu wadda mutanenta ba su kai 12,000 ba. Ta Indiya yawan zaɓi ne ya hana ni zaɓa, ta Tuvalu da Nauru kuwa abin karantawar ne ban samu ba. Ni Hausa da Turanci nake karantawa, Larabcina na lallaɓawa ne, don haka duk abin da ba a fassara ba ya fi ƙarfina. Ita ma Ann Morgan da ta zo kan Sao Tome da Principe ba ta samu fassarar Turanci ba, sai da wasu masu jin harshen Fotugal suka sa kai suka fassara mata littafi guda. Ni wa zai yi wa wannan? Na ɗan samu sauƙi da na gano kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa, wadda tun 2016 ake ba littafin da aka fassara zuwa Turanci duk shekara, a raba fam 50,000 daidai wa daida tsakanin marubuci da mai fassara. Jerin littattafan da suke fitarwa ya buɗe mini ido sosai, sai dai ƙananan ƙasashen nan ba kasafai suke leƙowa a ciki ba.

Da farko bin haruffa na yi niyya, bisa jerin Turanci: Afganistan, Albaniya, Aljeriya, sai Andora. Ukun farko na samo musu littattafai. Andora kuwa, 'yar ƙasar nan da ke maƙale a kan duwatsu tsakanin Faransa da Sifaniya, wadda harshen hukumarta Katalan ne, ita ta tsayar da ni cak. Na yi mako uku ina nema. Maigidana har ya fara tsokanata, in ya shigo sai ya ce, "Yaya mutanen Andora, an ba ki bizar kuwa?"

Akwai wani abu kuma da ban faɗa wa kowa ba, wanda ya fi duk waɗannan damuna. Da na zauna na duba sunayen da na tara, sai na ga kusan duk na baƙin ciki ne. Gurbin Ruwanda, kisan ƙare dangi na 1994. Gurbin Kambodiya, mulkin kisan gilla na ƙungiyar Khmer Rouge daga 1975 zuwa 1979. Bosniya yaƙi, Afganistan yaƙi, Laberiya yaƙi. Ba da gangan na zaɓa ba, su ne suke fara fitowa idan mutum ya nema, kamar dai masu fassara da masu bugawa sun fi son ƙasa idan tana zubar da jini. Ban ce kada a karanta su ba, abubuwa ne da suka faru kuma ya kamata a sani. Amma yarona ba yaƙi ya tambaye ni ba. Cewa ya yi me suke yi idan gari ya waye. Ina so in san yadda uwa take tashin ɗanta a can, me ke ba su dariya, me miji da mata suke faɗa a kansa, yadda tsoho yake zagin zamani. Ina tsoron in shafe shekara 16 in fito na san duniya ta tabonta kaɗai, in ga mutumin Kambodiya in fara tuna kaburbura kafin in tuna mutum ne mai barkwanci kamar kowa. Idan kuma na ce sai na nemo wa kowace ƙasa littafi na biyu mai sanyi, lissafin ya zama 390, ni kuwa ba ni da tabbacin wannan tsawon rai.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri. Wata huɗu ke nan da fara maganar. Na cika littafin rubutu biyu da jerin sunaye, na ja layi da rula, na ware launi ga kowace nahiya. Littafin da na karanta kuwa ɗaya ne tak, na Albaniya, shi ma ban ji daɗinsa yadda ya kamata ba, don ina karantawa ina leƙen shafi nawa ya rage. A da, kafin wannan shiri, nakan gama ɗaya a wata cikin nishaɗi ba tare da kowa ya sa ni ba. Sa kai dai ya fi bauta ciwo. Yayana da nake raina wa hanya ya karanta 19, ni mai ƙa'ida ina nan da rula a hannu.

Wani tunani ya zo mini kwanan nan, shi ne nake so ki auna mini. Kudancin Amurka ƙasashe 12 ne cif, watannin shekara ma 12. Tara daga ciki Sifaniyanci suke yi, Barazil harshen Fotugal, Guyana Turanci, Suriname kuma harshen Holan. Na ce me zai hana in ajiye 195 ɗin nan gefe, in ɗauki wannan yanki kaɗai na shekara guda, ƙasa ɗaya a wata, in ga yadda numfashina zai kai? In ya yiwu sai in shiga Afirka da ƙasashenta 54, in yi shekara huɗu da rabi a ciki ba gaggawa. Maƙwabtan ƙasashe ma suna haska juna, abin da ban gane ba a littafin Peru wataƙila na Bolibiya ya warware mini shi, saɓanin tsalle daga Afganistan zuwa Albaniya don kawai harafinsu ɗaya. Sai dai wata zuciyar tana ce mini wannan gudu ne da sunan dabara, wai na ga nisa na karaya.

To Anti, ki duba mini. Rage buri irin wannan karaya ce, ko kuwa hankali? A kan wane ne ɗan ƙasa, in kafa doka ɗaya in bi ta ko da za ta hana ni littattafai masu kyau, ko in bar kowane littafi da hukuncinsa, in jure gorin aminiyata cewa ba ni da tsayayyar magana? Idan na fara littafi na ga ba ya shiga, halal ne in ajiye shi in nemi wani daga ƙasar, ko sai na kai ƙarshe kafin ya ƙirgu? Ƙasar da na rasa mata littafi kuma, irin Andora, in tsallake in bar gurbinta fari, ko in karɓi waƙa ko tatsuniya ko gajeren labari a madadinsa?

Mafi nauyi a wurina shi ne mutanen nan biyu. Yayana ya girme ni da shekara bakwai, ba zan iya kallon idonsa in ce masa fenti yake yi ba, kuma ni ce na ga yadda ya dawo da karatu bayan ya yi shekaru bai buɗe littafin labari ba. Aminiyata kuma tun muna aji ɗaya a sakandare muke musayar littattafai, ba na so ta ga kamar na bi bayan ɗan'uwana don jini. Kowannensu yana jiran in faɗi wanda ke da gaskiya, tunda ni na kawo shirin. Mun sa ranar haɗuwa a ƙarshen watan gobe don kowa ya kawo abin da ya karanta. Ina roƙon ki taimaka ki ba ni amsa kafin lokacin, in san da bakin da zan yi musu magana.

Don Allah a sakaya sunana, yayana ma yana karanta shafin nan, duk da na san da ya ga Andora zai gane.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taki,
Mai karatu da rula