Tuƙa tuwo ya rage mini mazantaka ne?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a?

Ni magidanci ne, shekarata 34, ina sayar da yadi a Kantin Kwari. Mu biyar mahaifiyarmu ta haifa, duk maza, ni ne babba. Ina aji biyu a sakandare shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, sai muciya ta dawo hannuna. Tana kwance a tabarma take gaya mini yawan daddawar da zan sa, da yadda zan kaɗa kuka kada ta yi gudaji. A lokacin, duk wanda ya shigo albarka yake sa mini.

Bana matata ta haihu, aiki aka yi mata, likita ya hana ta aikin ƙarfi. Na koma bakin murhu kamar yadda na saba. Ran nan wani yaro da aka aiko ya tarar da ni da mara a hannu ina kwashe tuwo. Kafin la'asar zance ya kai majalisa. Yanzu sunana mijin-ta-ce, wani ma cewa ya yi saura in ɗaura zani. Gwaggona kuwa aikowa ta yi wai an shanye ni, in zo a nemo mini taimako.

Abin da ya ɗaure mini kai, mai shayin bakin layinmu namiji ne, haka mai tsire, ba wanda ya taɓa yi musu gori. Kuma tun a Islamiyya muka karanta hadisin Nana A'isha a Bukhari, cewa Manzon Allah (SAW) yakan kasance cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi sai ya fita.

Duk da haka, Anti, maganar ta fara cina. Sai na sa sakata nake ɗora tukunya. Shekaranjiya ina da baƙi a zaure, na daka wa matata tsawa kan ruwan sha, don kawai su ji. Ba ta ce uffan ba. Ta dube ni, ta dafa bango ta miƙe. A daren ban runtsa ba. Ɗana mai shekara 6 ya zo zai taya ni gyaran tattasai, na kore shi, na ce wannan aikin mata ne, alhali ni kaina ban yarda da hakan ba.

Don Allah me zan ce wa Gwaggo ba tare da na saɓa mata ba? Majalisar nan, barinta zan yi ko in tsaya in ba su amsa? Sannan ta ina zan fara ba matata haƙuri, ga shi har yau na kasa haɗa ido da ita?

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Wani magidanci daga Kano