An cire wa uwargida robar nan

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya aiki? Na san ka ƙullace ni, wata huɗu ba amsa. Saƙonka na gani. Ka bari in fara sauke abin da ke raina.

Ranar Talata aka sallamo uwargida daga asibiti bayan kwana tara. Ka tuna robar da aka zura mata ta jijiyar hannu har kusa da zuciya, wadda ake yi mata ƙarin magani ta ciki? Ita ce ta ɗauki ƙwayoyin cuta suka shiga jini. Cikin dare na ji gado yana jijjiga, na kunna fitila na tarar haƙoranta suna karo da juna, jiki zafi rau, bakin robar ya yi jawur. Wallahi hannuna ya kasa ɗaura mata takalmi. Alhamdu lillahi, an cire robar, zazzaɓin ya sauka.

Ka san mafarin abin. Shekara biyu ke nan da kaska ta cije ta a bayan gwiwa, jan zoben nan ya fito, aka ce cutar Lyme ce. Ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta doxycycline na mako biyu, tabon ya ɓace, amma gajiyar ta yi zaune. Sai muka faɗa hannun wani asibiti mai zaman kansa, suka ce ƙwayar tana nan ta ɓuya, sai an yi mata wani maganin, ceftriaxone, ta jijiya wata da watanni. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Wata shida muka yi. Firjinmu rabinsa jakunkunan magani, yara sun san ba a taɓa hawa na biyu. Duk lokacin da ta ƙara jigata sai su ce alama ce maganin yana aiki.

Likitar da ta karɓe mu a wannan kwanciyar ta ja kujera ta zauna da mu, ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce an riga an gwada wannan hanyar. A 2001 a nan Amurka, an bai wa masu irin larurarta ceftriaxone na kwana 30 da doxycycline na kwana 60, wasu kuma aka ba su abin da ba magani a cikinsa, aka ga ba bambanci. A 2016 aka sake a Holan da mutum kusan 280, aka ƙara wa wasu mako 12 na magani, sakamakon bai canja ba. Ba ta ɓoye mana wani ƙaramin gwaji na 2003 ba, inda gajiyar wasu ta ragu, amma ƙwaƙwalwa ba ta ƙara kaifi ba, wasu kuma maganin ya kai su asibiti. Illar kuwa mun gani da ido. Akwai ma tsakuwar matsarmama da muguwar gudawar da ke biyo bayan kashe ƙwayoyin hanji masu amfani. Gwajin jinin da ake ta nuna mana ashe sawun garkuwar jiki ne, yana iya zama shekaru bayan ƙwayar ta mutu.

Af, an turo mini hotonku na bikin kammala karatun babban yaronka. Ya fi ka tsawo nesa ba kusa ba, kuma tumbin nan naka ko babbar riga ta kasa rufa masa asiri. Kai da kake mana wa'azin gudun asuba! Ka ce masa baffansa yana alfahari da shi.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne likitar ba ta ce ciwon ƙarya ba ne. Ta ce alamun sun yi kama da ciwon gajiya mai ɗorewa, wanda suke kira ME/CFS, kuma babbar shaidarsa ita ce mutum ya yi ɗan aiki yau, gobe ko jibi ya zube. Haka take. Uwargida ta tsaya ta linke wanki na minti ashirin, washegari na same ta zaune a matakala ta uku, ta jingina kai da bango, ta kasa ƙarasa hawa. Likitar ta ce a Ingila ma tun 2021 sun daina ba masu wannan ciwo shawarar ƙara motsa jiki mataki-mataki. Yanzu ana duba jininta da maƙoƙo da barcinta, ita kuma tana koyon tsayawa tun kafin ƙarfin ya ƙare. Na saya mata kujerar wanka.

Don Allah in ka kira, kada ka ce mata ta daure ta tashi, ta ji wannan har ta gaji. Kuma ka ja wa mutumin naka kunne, ya daina turo mata bidiyon masu warkarwa cikin kwana arba'in. Tana ganin girmansa, ba za ta iya faɗa masa ba.

Ta farka tana kira, bari in je. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce muna barar addu'a.

Naka har kullum.