Wasiƙa daga Garwa: Kwamfutar masallacinku da kalmar sirri

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Anjamena, yaya zafi? Mu nan Garwa rana ta buɗe sosai, ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa.

Saƙonka ya same ni. Ka ce tsohuwar kwamfutar da ka sa wa Debian, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ka haɗa da talabijin don nuna lokutan salla a masallacin unguwarku, in aka ɗauke wuta aka dawo da ita sai ta tsaya kan baƙin allo tana neman suna da kalmar sirri. Ladan ya zo da asuba, ya tarar da ɗan layin nan yana ƙyaftawa, ya kira ka kana barci. Na yi dariya, Allah ya ba ka haƙuri. Gyaran ba wuya.

Wannan baƙin allo shi ne tty1, ƙofar farko ta shiga na'urar. Akwai irinsa har shida, kana zagaya su da Ctrl da Alt da F1 zuwa F6. Kowanne yana da mai gadinsa, wata ƙaramar manhaja mai suna agetty, ita ce ke tare mutum ta tambaye shi ko wane ne. Abin da za mu yi, mu gaya wa mai gadin ƙofar farko cewa ga mutum ɗaya, ya bar shi ya wuce ba tambaya. A da cikin /etc/inittab ake rubuta wannan, amma tun Debian 8 a 2015 aikin ya koma hannun systemd, manhajar da ke tayar da sauran manhajoji in an kunna na'ura, don haka ka rabu da tsoffin bayanan da ke tura ka can.

Ka fara ƙirƙiro sabon mai amfani, ka kira shi allo. Sannan ka buga sudo systemctl edit getty@tty1, ka rubuta layuka ukun nan:

[Service]
ExecStart=
ExecStart=-/sbin/agetty --autologin allo --noclear %I $TERM

Layi na biyu, wanda ka gani fanko, kada ka ce kuskure ne ka goge shi. Shi ke share umarnin asali kafin naka ya hau. In babu shi, systemd zai ga umarni biyu ya ƙi tayar da ƙofar gaba ɗaya, ka zauna kana zargin na'urar alhali lafiyarta ƙalau. Yawancin waɗanda ke kawo mini wannan matsala a shago, nan suka faɗi.

Shiga kaɗai ba ta isa ba, sai manhajar lokutan salla ta tashi da kanta. Ka sa ta a ƙarshen fayil ɗin .profile na allo, wanda na'ura ke bin umarnin cikinsa duk lokacin da allo ya shiga, amma da sharaɗin ta tashi in umarnin tty ya nuna /dev/tty1 kawai. In ba haka ba, ranar da ka shiga daga nesa ta ssh za ta faɗo maka a fuska.

Yanzu ga inda nake so ka saurare ni da kyau, don na san halinka na son gajeriyar hanya. Kada ka rubuta root, mai cikakken iko kan na'ura, a madadin sunan allo. Kada kuma ka sa allo cikin masu sudo, wato masu iya aron ikon root. Masallaci wuri ne na kowa. Yaran makarantar dare suna nan, a cikinsu ba za a rasa mai ƙaiƙayin yatsa ba. Duk wanda ya zauna gaban madannai ya samu duk ikon da allo ke da shi, ba wanda zai tambaye shi komai. In ikon bai wuce nuna lokaci ba, iyakar ɓarnarsa ya kashe manhajar, a sake kunnawa ta dawo. Ni da zan ba ka shawara, in ka gama ka zare madannan ka tafi da shi gida. Sauran ƙofofi biyar ka bar su da kalmar sirrinsu, ta nan za ka riƙa shiga da sunanka in gyara ya taso.

Saura BIOS, wato saitunan na'urar da ake shiga da zarar an kunna ta, kafin Debian ta tashi. Ka nemi wurin da ke faɗin abin da na'ura za ta yi in wuta ta dawo, ka zaɓi ta kunna kanta, in ba haka ba ladan zai ci gaba da neman maɓalli a duhu. Ka kuma canja ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan babban faifan cikin na'urar (motherboard), CR2032. A tsohuwar na'ura yakan mutu, in ya mutu kuwa BIOS ya manta abin da ka zaɓa, agogo ma ya rikice. Masallacin ba shi da intanet da zai gyara masa lokaci, ka ga sai ya nuna wa jama'a magariba da hantsi.

In ka gwada ka aiko mini da hoton allon. Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa Malam Liman ya sa mu a addu'a. Kilishin da ka yi mini alkawari har yau ina sauraro.

Naka,
abokinka na Garwa