Wasiƙa Zuwa ga Yaya

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da kewarku.

Kin ce likita ya ce a rage masa gishiri da soye-soye, a yawaita ganye. To bari in ba ki labarin kunyar da na sha a kicin ɗin gidan kula da tsofaffin da nake aiki. A satina na farko na tafasa kabeji da alayyahu har suka yi luguf, na tsiyaye ruwan, kore shar, a wurin wanke-wanke. Shugabar kicin tana tsaye tana kallona, ta ce abincin na zubar, dusa na bar wa tsofaffi. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ashe bitamin C narkewa yake a ruwa, zafi kuma yana lalata shi, don haka duk daɗewar ganye a wuta asara ce. Yanzu turarawa nake yi: ruwa kaɗan a gindin tukunya, ganyen a sama cikin rariyar ƙarfe, a rufe, minti 5 a sauke tun launinsa bai dusashe ba. In kuwa tafasawar ta zama dole, ruwan ya koma cikin miya.

Amma kada ki ɗauka komai ɗanyensa ya fi. Karas da tumatir sun fi ba jiki amfaninsu idan an dafa su da ɗan mai kaɗan.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙulen ɗanɗano. Na san halin Baba, zai ce abincin lami ne. Ki ƙara tafarnuwa da citta, ki matsa lemun tsami bayan kin sauke, a hankali bakinsa zai saba. Kifi ki gasa ko ki turara. Man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana hayaƙi, don Allah ki zubar, ko da Inna ta ce almubazzaranci ne.

Ki gaishe min da Inna da yara. Ki rubuto min abin da awon jinin Baba ya nuna a zuwa na gaba.

Taki,
Ƙanwarki