Mayen ƙarfe ba ya jiran a kawo wuta

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon malamin kimiyya ne, na ajiye alli bayan shekara 35 a aji, yanzu ina ɗan noman riɗi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Taura. Makon jiya, bayan an ɗauke ruwa, na tarar da jikokina a bakin kwari suna jan mayen ƙarfen tsohuwar lasifika da zare cikin yashi. Baƙin gari ya manne masa kamar gemun bunsuru. Uwarsu na faɗan sun ɓata kaya, ni kuwa dariya nake, don galibin baƙin garin nan magnetayit ne, haɗin ƙarfe da oksijin, kuma da irinsa masana ke tsamo furotin guda daga cikin dubbai.

Ɗan ƙanena da ke digiri na biyu ne ya nuna mini aikin a wayarsa da ya zo hutun Sallah. Masanan ba daga yashi suke ɗebo nasu garin ba, haɗawa suke yi: gishirin ƙarfe iri biyu, kashi 1 na wannan, kashi 2 na wancan, a zuba amoniya, nan take ruwan ya yi baƙi ƙirin. Wani Bafaranshe, René Massart, ya wallafa hanyar a 1981. Ƙwayoyin baƙin garin kan kai nanomita 10 zuwa 20, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Ƙanƙantar nan ce sirrin. Idan maganaɗisu ya matso sai su ruga gare shi, idan an janye shi sai su saki juna su watse cikin ruwa, ba sa dunƙulewa.

Amma ƙwayar tsirara ba ta san zaɓe ba, sai an sa mata riga. Akan fara lulluɓe ta da silika, sinadarin da ke cikin yashi da gilashi, sannan a kafa mata ƙugiyar da ba ta kama kowa sai wanda aka aike ta. Akwai mai ɗauke da nikel, wadda ke cafke furotin ɗin da aka maƙala wa jelar histidin 6 (histidin ɗaya ne daga tubalan ginin furotin). Akwai mai ɗauke da garkuwar jiki, wato furotin ɗin da jiki ke yi don kama cuta, wadda ta san abin farautarta kamar yadda akuya ta san ɗanta a garke. A zuba su a kwalbar gwaji, a girgiza, a jingina mayen ƙarfe a gefe. Cikin 'yan mintuna duk sun taru a bango da abin da suka kamo. A tsiyaye ruwan, a ɗauraye, sai a sa abin da zai sa su saki. Ga na nikel, wani sinadari mai suna imidazol ake sawa.

Da na kwatanta wa maiɗakina, sai ta ce, "Malam, ai awara ce." Ta yi gaskiya rabi. Ruwan tsami kan tattaro furotin ɗin waken suya gaba ɗaya, ba ruwansa da wane ne wane. Wannan kuwa kamar ka shiga kasuwar Gujungu ranar Lahadi ne ka fito da mutum ɗaya ba ka taɓa rigar kowa ba.

Ba sabon abu ba ne a ƙasashen waje. John Ugelstad na ƙasar Nowe ya gano yadda ake yin ƙwayoyi masu girma ɗaya tun shekarun 1970, daga nan aka samu Dynabeads, ƙwayoyin maganaɗisu da ake sayarwa don wannan aiki. Lokacin korona a 2020 ma da irin dabarar nan ɗakunan gwaji da yawa suka riƙa ciro ƙwayar halittar cutar daga majina.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Bara na kai jikata asibiti, aka ɗebi jini, muka wuni zaune saboda babu wuta, janareta babu mai, injin juya jini, mai rarrabe abin da ke cikinsa, yana nan kamar tukunyar da aka kife. Ban ce maganaɗisu zai maye gurbin injin nan a kowane gwaji ba, a'a. Ƙwayoyin da aka riga aka sa wa riga ma da tsada suke, daga waje ake kawo su, masu garkuwar jiki kuma sai da firji. Amma matakin rabewar kansa ba ya shan wuta ko ta anini, kuma haɗa baƙin garin bai fi ƙarfin sashen kimiyyar sinadarai na kowace jami'a ba. Wuyar tana wajen rigar, nan ya kamata yaranmu su duƙufa.

Roƙona, Edita, ka tura wakilinka jami'o'inmu na Kano da Dutse da Kafin Hausa ya tambayo ko akwai masu wannan bincike, da abin da ya tsaya musu, ya rubuto mana da Hausa. Idan za su yarda da baƙo, zan biya kuɗin motata in je in gani da idona, in tafi da babban jikan nawa, mai zaren.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin kimiyya,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.