Wasiƙa zuwa ga ɗana, bayan sunan jaririnsa

Ɗana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji Yesu. Yaya mai jego, yaya angona? Mu a nan Sabon Gari sai godiya, hunturu ne dai ya shigo da ƙarfi.

Tun da na dawo daga suna abu ɗaya ke ci mini rai. Kwana huɗu na yi a gidanka, ban ga an buɗe Littafi Mai Tsarki da dare ba. Na san aiki ya sha maka kai, kuma ba ka fashin sujada. Amma malamin makarantar Lahadi sau ɗaya zai ga yaron nan a mako, sauran kwana shida a hannunka suke.

Ka tuna yadda kakarka take tara ku a tsakar gida bayan tuwon dare, in an ɗauke wuta ta sa a kunna fitilar ƙwai. Ba ta yi boko ba. Da girmanta ta shiga ajin yaƙi da jahilci, don kawai ta karanta Zabura da idonta. Littafinta, fassarar 1979, yana cikin akwatina, gefen shafukan duk sun yi duhu da yatsunta. Bulus ma da zai yabi bangaskiyar Timoti, sai da ya ambaci kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki.

Kuma don Allah ka riƙa karanta masa da Hausa. Da 'yan mishan Dokta Miller da Bishop Tugwell suka iso Kano a 1900, Sarki Alu bai bar su sun zauna ba. Sai a 1932 cikakken Littafin ya fito da harshenmu. An sha wuya kafin ya zo hannunmu, kada yaro ya tashi yana zaton da Turanci kaɗai ake roƙon Allah.

Wata rana za a tambaye shi, kamar yadda aka sha tambayarka, wai Bahaushe kuma Kirista? Ina so ya amsa ba kunya, ba kuma zagi. Maƙwabtanmu da ke aiko mana naman layya, mu kai musu shinkafar Kirsimeti, ba huɗuba ce ta sa suke ganin girmanmu ba, sun ga zamanmu ne.

Kada ka jira sai ya yi wayo. Ku fara tun yanzu yana goye, ko Addu'ar Ubangiji ce da waƙa ɗaya kafin barci. Ƙanwarka za ta zo maka da littafin kakarka ranar Asabar. Ka lallaɓa shi, bangon ya fara rabuwa.

Mahaifiyarka